ƘAILULA A ZANGO: YADDA FATAKEN GWANJA SUKA RABA BARCINSU

A watan Maris na 1826 Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya sauka a Kayama ta ƙasar Bargu, ya tarar da ayarin Hausawa da ya taso daga Gwanja da ƙasar Asante zai koma gida. Ya ƙiyasta mutanen ayarin sun haura 1,000, maza da mata, ga dabbobin ɗaukar kaya kusan yawansu, mafi yawan kayan kuwa goro ne. Masu tarihi sun yi ta bin diddigin abin da irin waɗannan ayarori suke saye da sayarwa, da kuɗin da sarakunan hanya suke karɓa. Ni abin da ya ja hankalina daban ne: mutum dubu a tsakiyar daji, wata da watanni, yaushe suke barci?

Hanyar goro takan tashi daga Salaga, ta bi ta Yandi da Sansanin Mango, ta shigo Jugu, wanda Faransawa ke rubutawa Djougou, a arewa maso yammacin Jamhuriyar Benin ta yau. Daga nan sai ta ratsa Bargu ta Paraku ko ta Nikki, a haye Kwara a wajajen Busa ko Yawuri, a doshi Kano. Jugu gari ne mai fuska biyu: akwai Kilir inda sarauta take, akwai Wangara inda baƙi 'yan kasuwa suka zauna, Dandanci ya zama harshen ciniki, Hausawa kuma suka kafa nasu gidajen saukar baƙi. A Paraku har gobe akwai unguwar da ake kira Zongo. Kalmar tamu ce, kuma asalin ma'anarta wurin da matafiyi ke sauke kaya ya huta. Wato unguwa guda ce ta samo sunanta daga hutu.

Ayari ba ya jiran hantsi. Tun da sauran duhu ake tashi a ɗaure wa jakuna da alfadarai kaya, a yi sallar asuba, jagaba ya shige gaba, madugu ya ba da izinin tafiya. Ana so a ci zangon ranar kafin rana ta take, domin zafi ba ya barin jaki ya yi nisa, goro kuma kaya ne mai rai: in ya sha rana ya bushe ko ya lalace, shi ya sa ake naɗe shi cikin ganye, ana yayyafa masa ruwa, ana buɗe shi lokaci-lokaci a tsince wanda ya ɓaci. Idan an sauka an sallami dabbobi kiwo, an ci abinci, sai jiki ya nemi hakkinsa a inuwa. Da dare kuma ba kowa ke kwana a miƙe ba, don Bargu ta yi suna wajen tare ayari, dole wasu su raya dare suna gadi. Barcin bafatake ke nan: babban kaso da dare, ƙaramin kaso da rana, ana cike giɓin wannan da wancan.

Ba hanya kaɗai ta tsara haka ba. Wanda ya zauna a gari ma salla ta riga ta yanka masa yini. A Suratun Nur, aya ta 58, an ambaci lokuta uku da ake neman izini kafin a shiga wa mutum ɗaki: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufa, da bayan sallar isha'i. Lura da na tsakiyan, an jera shi tare da lokutan kwanciyar dare. Kalmar ƙailula daga Larabci muka aro ta, kuma malamai sun daɗe suna ɗaukar ta a matsayin mataimakiyar tsayuwar dare. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito an siffanta daren Annabi Dawuda, Alaihis Salam, da cewa yakan yi barci rabin dare, ya yi salla sulusinsa, ya sake kwanciya sudusinsa. Gardin tsangaya da ke tashi talatainin dare ya yi tilawa, ya koma ya ɗan runtsa, sannan ya rama da hantsi bayan an tashi daga karatun safe, a kan wannan turba yake.

Abin sha'awa, Turawa ma sun gano kakanninsu haka suke. Wani masanin tarihi Ba'amurke, Roger Ekirch, ya fitar da bincike a 2001, sannan littafi a 2005, inda ya tattaro ɗaruruwan shaidu daga takardun kotu da littattafan magani da na addu'a cewa mutanen Turai kafin zamanin masana'antu suna da “barcin farko” da “barci na biyu”, da farkawar kamar awa guda a tsakani. Har ya kawo misali da Tibi na Nijeriya, waɗanda aka ji suna ambaton barci biyun. Kafin shi, likita Thomas Wehr ya wallafa gwajinsa a 1992: ya sa mutane zama cikin duhu awa 14 kowace rana har tsawon wata guda, sai barcinsu ya rabu gida biyu da kansa, kowane kashi kamar awa huɗu. Sai dai kada a ɗauka duk duniya haka take. Binciken da aka buga a 2015 kan Hadza na Tanzaniya da San na Namibiya da Tsimane na Boliviya ya nuna galibi a dunƙule suke barcinsu, tsakanin awa shida zuwa bakwai, ba su kuma cika yin na rana ba. Ke nan rabon barci al'ada ce da yanayi da sana'a ke haifarwa.

A nan ne nake da ja da abin da ake tallata wa matasanmu a intanet. Akwai tsarin da ake kira Everyman: barcin awa uku da dare, da gyangyaɗin minti 20 sau uku da rana. Akwai Uberman, wanda ya soke barcin dare gaba ɗaya, sai minti 20 sau shida, jimilla awa biyu kacal. Tun a 1943 mujallar Time ta ba da labarin Buckminster Fuller da ya ce yana rayuwa da barcin rabin awa duk bayan awa shida. Masu yaɗa wannan sukan kafa hujja da mutanen da, alhali sun ɗauki siffar abin ne sun bar ruhinsa. Bafataken da ya kishingiɗa a inuwar Jugu ramuwa yake yi, yana mayar wa jiki abin da gadi da sammako suka ci. Ba ya neman ya ƙwace awoyi daga barci ya ƙara wa aiki. Kuma ba shi kaɗai yake kwance ba: ayarin duka ya tsaya, kasuwa ta lafa, babu mai neman sa. Nazarin da masana barci suka buga a mujallar Sleep Health a 2021 bai sami wata hujja da ke nuna amfanin tsarin rage barci irin wannan ba, sai illa ga hankali da lafiya. Abin da likitoci ke ba baligi shawara a kai shi ne awa bakwai zuwa sama.

Hanyar goro dai ta mutu a hankali. Ingilishi sun ci Asante a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Faransa da Ingila suka raba Bargu a 1898, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga baya jirgin ƙasa ya riƙa kai shi Kano. Amma ƙailula ba ta bi ayari ta ɓace ba. Tsarin aikin ofis da Benin ta daɗe a kansa shi ne a tashi da ƙarfe 12:30 na rana, sai ƙarfe 3:00 a dawo. A 'yan shekarun nan ne gwamnati ta taƙaita hutun, aka koma dawowa ƙarfe 2:00.

Paraku kuma ba ta daina zama zango ba. Tun da layin dogo mai tsawon kilomita 438 ya iso ta daga Kwatano a 1936, nan ne ƙarshensa, nan aka riƙa juye kayan Nijar a manyan motoci su doshi Malanbil da Gaya. Direbobin wannan hanya, da yawansu Hausawa da Zabarmawa, su ne magadan fatake, sai dai agogonsu ya juye: sun fi son tafiyar sanyin dare da ta asuba, saboda injin da tayoyi. A watan Maris, lokacin da zafin garin kan haura digiri 35, duk wanda ya bi ta inda suke ajiye motoci da azahar zai ga tabarma shimfiɗe a ƙarƙashin tirela, buta a gefe, direba ya rufe fuska da hula, yaron mota kuma yana zaune yana gadin kaya har maigidansa ya farka.