Zubewar tsoka

zubewar tsoka (suna, mace): raguwar nama da ƙarfin jiki saboda tsufa. Likitoci na kiran ta sakofeniya, sunan da Irwin Rosenberg ya raɗa mata a 1989. Takan faro bayan shekara 30, ta tsananta bayan 60. Jijiyoyin laka masu ba tsoka umarni suna mutuwa, zaruruwan tsoka masu saurin zabura su fara motsewa, kitse ya cike gurbi. Shi ya sa dattijo manomin masara a Doguwa ko Tudun Wada ke iya takawa har gona, amma tashi daga tabarma sai ya dafa gwiwa. Yawan zama da doguwar jinya na gaggauta ta. Motsa jiki da cin wake, ƙwai da nono na rage mata gudu. Misali: "Baba, bar garmar nan, zubewar tsoka ce ba lalaci ba."