Yadda Ake Dafa Lemon Malta A Gida Daga Tsiron Sha'ir

Da wuya a yi biki ko suna a cikinmu nan Birtaniya ba a ga kwalaben Supermalt ko Maltina a kan tebur ba, kuma iyaye sun sha tambayata wai mene ne haɗin wannan baƙin lemo da giya, tunda kamfanonin giya ne ke yinsa. Amsar ita ce daga tukunya ɗaya suka fito, a wajen zuba yis suka rabu. Ni ina dafa nawa a gida, don haka zan kawo bayanin yadda abin yake.

A nan Ingila, abin da ya fi kusa da malta shi ne wata baƙar giya da ake kira mayil, wadda ƙarfinta ba ya cika wuce kashi 3 zuwa 3.6 cikin ɗari. Ita ce abin shan ma'aikatan masana'antu da masu haƙar kwal a yankin Birmingham da Manchester, kuma har zuwa shekarun 1950 ita ta fi kowace giya kasuwa a ƙasar. Tun da aka ɗage dokar neman lasisi a 1963, Turawa da dama ke dafa ta a gidajensu daga tsabar hatsi, shi ya sa ake samun shagunan da ke sayar da tsiro a niƙe. Wurinsu nake saye. Tsiron dai hatsi ne da aka jiƙa ya fara fitowa aka busar, babu komai na maye a cikinsa. Duk wadda ta taɓa sa tsiron shinkafa ko na dawa a kunun zaƙi ta san aikinsa: shi ke narkar da sitaci ya koma zaƙi. Ko a Najeriya, da gwamnati ta hana shigo da sha'ir a 1988, tsiron dawa kamfanoni suka koma wa.

Don samun kamar lita 4 da rabi, ana bukatar kilo 1 na farin tsiro (Maris Otter ya fi ƙamshi a ganina), da giram 150 na jan tsiro da suke kira kiristal, da giram 60 na baƙin da suke kira cakulan. Sunan ne kawai, babu koko a ciki, gasa shi aka yi har ya yi duhu. Kada a ƙara a kan haka, don ɗacin ƙuna zai danne komai.

A dafa ruwa lita 3 ya kai digiri 74, a sauke, a zuba tsiron ana juyawa don kada ya yi gudaji. Zafin zai sauko zuwa wajen 67 ko 68. To, a nan duk aikin yake, kuma dole sai da ma'aunin zafi, ba a gwada shi da yatsa. Idan ya haura 78, sinadarin da ke narkar da sitacin ya mutu, sai a tashi da kunu maras zaƙi. Idan kuma ya faɗi ƙasa da 62, aikin zai yi ta jan ƙafa. A rufe tukunyar, a naɗe ta da bargo, a bar ta awa 1. Mai son tabbatarwa ya ɗebi ruwan kaɗan a farin faranti ya ɗiga aidin. In ya yi baƙi, da sauran sitaci, a ƙara minti 15. Wanda aka gwada a zubar.

Sai a tace da ƙyalle mai tsabta, a ɗauraye dusar da ruwa lita 3 da rabi mai zafin digiri 76, a haɗa ruwan wuri guda a tafasa minti 45. Masu mayil suna sa furen hof saboda ɗaci. Giram 4 ya isa ga mai son ɗanɗanon na kanti, ni kuwa citta da kanumfari nake jefawa. Zaƙin tsiro bai kai na sukari ba, saboda haka a ɗanɗana a ƙara jan sukari daidai baki.

Daga nan ne mai giya zai zuba yis ya jira kamar mako guda. Mu ba ma zubawa, amma fa akwai yis a cikin iska, kuma wannan ruwa abincinsa ne. Duk wanda ya ɗura shi a kwalba ya toshe ya ajiye a kicin, cikin 'yan kwanaki zai fara tsami ya juye barasa, kwalbar ma tana iya fashewa, ban da ƙwayoyin cuta da ke son ruwa mai zaƙi maras tsami irin wannan. Na kanti yana daɗewa ne saboda an gasa kwalbar bayan an rufe ta. Saboda haka da an sauke a tsoma tukunyar a ruwan ƙanƙara ta huce da wuri, a sa a firji, a shanye cikin kwana 3. Sauran a daskarar a firiza. In yara na son kumfa, a sirka da ruwan soda a kofi lokacin sha.

Dusar kuma kada a zubar, ludayi biyu a kwaɓin burodi yana ba shi ƙamshi.