Namijin Kare a Gidan Manomi: Maganin Faɗa, Cizo da Fitsari a Cikin Gida

Manoma da makiyaya da yawa suna ajiye kare don gadin gida, gona da turken dabbobi, wasu kuma don farauta. Yana kwikwiyo babu mai kuka da shi. Amma da zarar namiji ya balaga, tsakanin wata 6 zuwa 12, sai ƙorafi ya fara: yana yi wa yara gurnani, yana faɗa da karnukan maƙwabta, yana ɗaga ƙafa a jikin buhun hatsi. Akan ce "ya raina mutane" ko "so yake ya mallake gida", sai a ɗauko sanda. Mafi yawan lokaci ba raini ba ne. Abu huɗu ne ke kawo wannan hali: ciwo, tsoro, rowar abin da yake so, da zafin balaga. Kowanne da maganinsa, kuma duka ba ya cikinsu.

Da farko: lafiyarsa ƙalau?

Kare mai sanyin hali da ya canza cikin kwana ɗaya ko biyu, kar a tsaya batun horo. A yi zargin ciwon haukan kare, musamman idan ba a yi masa rigakafi ba. Alamominsa sun haɗa da cizon duk abin da ya tarar, har itace da dutse, dalalar miyau, canjin muryar haushi, kasa haɗiya, tangaɗi da shanyewar ƙafafu. Wani ba ya faɗa ma, sai ya yi lamo, muƙamuƙinsa ya saki. Kar wanda ya sa hannu a bakinsa da sunan ciro ƙashi. A kulle shi, a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi.

Ciwo na yau da kullum ma yana sa cizo: kaska ko ruɓa a kunne, gyambo, haƙori mai ciwo, targaɗe. Idan wuri ɗaya ne in an taɓa yake kai cizo, to a duba wurin.

Gane gargaɗinsa

Da wuya kare ya yi cizo bai ba da alama ba. Zai kau da kai, ya lashi baki, ya sandare, gashin bayansa ya miƙe, ya yi gurnani, ya yage leɓe, sannan ya kai hari. Gurnani gargaɗi ne. In kana dukansa duk lokacin da ya yi, zai daina gurnanin, amma abin da ke damunsa yana nan. Ranar da zai ciji yaro, babu sanarwa.

A lura da lokacin da yake yi:

- Kan abinci, ƙashi ko makwanci: rowa ce, yana gudun a ƙwace masa.
- In an matso shi a lungu ko an ɗaga hannu: tsoro ne. Za ka ga ya maƙe jela, kunnuwa sun kwanta.
- Ga wasu mazan karnuka: kishi ne, ya fi tsanani idan akwai karya a lokacin barbara. Lokacin yakan ɗauki mako 2 zuwa 3.
- Ga baƙo a ƙofa: gadi ne. Aikinsa ke nan, sai dai a yi masa iyaka.

Yadda ake ladabtar da shi

Abinci shi ne linzamin kare. Wanda ke riƙe da kwano shi ake bi.

1. A ba shi abinci sau 2 a rana, a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya, nesa da yara da kaji. Karen da sai an tuna da shi ake jefa masa ƙanzo dole ya yi rowa. Ruwan sha kuma kar ya yanke.
2. A koya masa "zauna". Ka riƙe ɗan abinci saman hancinsa, ka ja shi baya kaɗan. Da ya zauna, ka ba shi nan take. Minti 5 safe da yamma ya isa. In ya iya, sai ya zauna kafin a ajiye kwano, kafin a kwance shi, kafin a fita da shi.
3. Kar a ƙwace abu daga bakinsa. A yi musaya: a jefa masa abin da ya fi daɗi can gefe, in ya tafi a ɗauke na farkon.
4. Dokar gida ta zama ɗaya. In maigida ya hana shi shiga tsakar gida, yara kuma suna kiransa ciki, kare ba zai gane komai ba.
5. Kar a ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a rana wuni guda don "ya yi zafi". Wannan ba ya yin karen gadi, sai mai cizon kowa, har 'yan gida. A ja waya tsakanin bishiyoyi biyu a maƙala sarƙar ta riƙa zamewa, a sama masa inuwa. A tafi da shi gona ya gaji.
6. Baƙo zai shigo, a ɗaure shi tukuna. Za a kai shi cikin mutane, a sa masa takunkumi.

Yara su san doka uku: ba a taɓa kare yana ci, ba a tashinsa yana barci, ba a jifarsa. In ya taso wa yaro, ya tsaya cak, hannu a jiki, kar ya ruga. Ƙaramin yaro kuwa ba a barinsa da kare su kaɗai, komai sabo.

Karnuka na faɗa, kar a sa hannu tsakaninsu. A watsa musu bokitin ruwa ko a shiga tsakani da faffaɗan katako.

Fitsari a cikin gida

A bambanta iri uku. Na alama kaɗan ne, a jikin abin da ke tsaye: bango, turmi, ƙafar rumbu, tayar babur, sabon buhu. Da shi yake shaida wa sauran karnuka cewa nan wurinsa ne. Na matsuwa mai yawa ne, a ƙasa, don an kulle shi ya daɗe. Na tsoro kuma yakan zubo in an daka masa tsawa. Idan fitsarin da jini, ko yana yunƙuri ba ya fita, ko yana shan ruwa fiye da ƙima, wannan aikin likitan dabbobi ne.

Fitsarin kare najasa ne, kuma yana iya ɗaukar ƙwayar cuta da ke kama mutum da dabba. Saboda haka:

- A hana shi kusantar ɗakin ajiya, randa, madafa da wurin salla. Buhuna su hau kan katako, ƙofa a rufe.
- A kai shi wuri guda a bayan gida da asuba, bayan cin abinci, da kafin a kwanta. Da ya yi a can, a yaba masa, a ba shi ɗan abu.
- A kashe warin, don wari ke maido shi. Daɓen siminti a wanke da omo, a ɗauraye, a bi da ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi. In ƙasa ce, a kankare a zuba sabuwa.
- In an kama shi yana ɗaga ƙafa, a tafa hannu a fitar da shi. In an tarar ya riga ya yi, a wanke kawai. Goga masa hanci a ciki ba ya koya masa komai sai tsoronka.

Fiɗiya tana magani?

Tana rage yawon bin karya sosai, kuma a karnuka da dama tana rage fitsarin alama da faɗa da maza. Ba ta maganin cizon tsoro ko rowar abinci, ba ta kuma hana shi gadi. Likitan dabbobi ne zai yi ta da allurar barci. Kar a yi masa dandaƙa ko ɗaurin roba irin na bunsuru.

In ya ciji mutum

A wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ko da ƙarzuna ce. Kar a tsaya kan maganin gargajiya, domin in alamun hauka suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. A kulle karen kwana 10 ana lura da shi, amma wanda aka ciza ba zai jira kwanakin ba kafin ya ga likita. Karen da ya sha yi wa mutane mummunan rauni, a nemi shawarar likitan dabbobi a kansa, kar a kai shi wani ƙauye a sake.

Aikin ƙungiyar manoma

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Rigakafin kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki yana katse yaɗuwarsa. Ana yi wa kwikwiyo allurar yana wata 3, a maimaita duk shekara, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa ta.

Ƙungiya ta rubuta gidajen da ke da kare, ta haɗa kuɗi, ta gayyato ma'aikaci rana guda ya yi wa duka. Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, lokaci ne mai kyau na tuntuɓar ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Kowane mai kare ya karɓi katin allura ya adana.