Kuba Pidi: Garin da Ya Koma Ƙarƙashin Ƙasa

Wanda ya baro Adelaid, babban birnin Jihar Ostireliya ta Kudu, ya miƙi babbar hanyar Stuart zuwa arewa, sai ya ci kusan kilomita 850 kafin ya iso Kuba Pidi. Rabin tafiyar na ƙarshe ba abin kallo sai fako da tsakuwa da gajerun ciyayi. Can sai tarin farar ƙasa ya fara ɓullowa dama da hagu, dubbai, kamar jerin suri. Kowane tuli akwai rami a gindinsa, wani ne ya haƙa yana neman ofal, dutsen adon nan da launinsa ke sauyawa duk inda aka juya shi.

Ban da wannan dutse, ba abin da zai sa mutum ya kafa gida a nan. A watan Fabrairun 1915 wasu masu neman zinariya suka yada zango a yankin, ruwa ya yi musu wuya. Wani yaro a cikinsu mai shekara 14, Willie Hutchison, shi ya tsinci ofal a ƙasa. Zinariyar dai ba su samu ba. Labari ya bazu, masu haƙa suka yi ta zuwa, ciki har da sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Farko. Ana cewa su ne suka kawo dabarar zama cikin rami, don sun saba da ramukan fagen fama. A 1920 aka raɗa wa garin sunansa na yanzu.

Kasuwar ofal ta faɗi a shekarun 1930, gari ya kusa zama kufai, sai da wata mata 'yar asalin ƙasar, Tottie Bryant, ta yi babban gamo a filin Eight Mile sannan jama'a suka sake kwararowa. A filin nan aka tono Olympic Australis a 1956, mai nauyin fiye da kilo 3. Daga baya Girkawa da Italiyawa da mutanen tsohuwar Yugoslabiya suka cika garin. Asalin arzikin kuwa teku ne: shekaru miliyan 100 da suka wuce ruwa ne ya rufe wannan hamada, shi ya sa har yau ake tono ƙwaryar dodon koɗi da ta rikiɗe ta zama ofal.

Gaskiya saman garin ba shi da kyan gani. Ƙura ce, da gidajen kwano, da tsofaffin motocin zuƙo ƙasa daga rami suna tsatsa a rana. An ce bishiyar farko da aka gani a garin da tarkacen ƙarfe aka yi waldarta. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin bazararsu, zafi kan haura digiri 40. Amma ka duba gefen tuddai, za ka ga ƙofofi, a samansu bututu sun leƙo don shan iska. Ka shiga ɗaya. Ga falo, ga ɗakin girki, ga ɗakunan kwana marasa taga, duk an sassaƙe su cikin dutse mai ja-ja da fari, sawun haƙoran inji na nan a jikin bango. Sanyin ciki yana tsayawa wajen digiri 23 zuwa 25 dare da rana, ba fanka ba na'ura. Idan iyali suka ƙaru, ba sayen bulo, ɗaki ake haƙawa, wani ma a dace da ofal a cikin aikin. Otal-otal, kantuna da majami'u duk akwai na ƙasa, kuma majami'ar Sabiyawa, da rufinta mai lanƙwasa da sassaƙe-sassaƙen bango, ita baƙi suka fi tururuwa gani.

Ruwa har gobe tsada gare shi. Daga rijiyar burtsatse mai nisan kusan kilomita 25 ake jawo shi, sai an tace gishirinsa kafin a sha. Shi ya sa filin wasan golf na garin ba ciyawa ko ƙwaya. Ɗan wasa kan riƙo ɗan guntun shimfiɗar ciyawa abinsa, wasu ma da dare suke bugawa da ƙwallo mai haske.

A ganina, wanda ya tsaya cikin gari kawai ya yi rabin ziyara. Kimanin kilomita 30 arewa akwai Kanku-Breakaways, tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, fari da ja da ruwan ɗorawa, ƙasar gado ta al'ummar Antakirinja Matu-Yankunytjatjara. Da la'asar sakaliya ya kamata a je. Kusa da nan shingen kare tumaki daga karnukan dajin dingo ya ratsa, tsawonsa ya haura kilomita 5,000. Sai filin Moon Plain, wanda ƙeƙashewarsa ta jawo masu shirya fim. A wannan yanki aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Mad Max na 1985.

Daga Afrilu zuwa Oktoba aka fi jin daɗin zuwa. A filayen haƙa kuwa an kakkafa alluna masu hoton mutum yana faɗawa rami, suna gargaɗi kada a yi gudu, kada a yi tafiya da baya. Gargaɗi na biyun don masu ɗaukar hoto aka rubuta shi, domin ramuka da yawa a buɗe suke, wasu zurfinsu ya kai mita 20.