Ɗan Sanda a Gaban Allo: Tarihin Shirin D.A.R.E. na Amurka



Abin da zan yi magana a kai yau shi ne tarihin wani shiri da 'yan sandan ƙasar Amurka suka ƙago don tsare yaran makaranta daga shan miyagun ƙwayoyi. Sunan shirin D.A.R.E., watau haruffan farko na wasu kalmomin Turanci huɗu, waɗanda ma'anarsu ita ce ilmantar da yara yadda za su ƙi shan ƙwaya. Na zaɓi wannan tarihi ne domin ɗaliban da ke nan su ne gobe za su riƙa tsara ayyukan gwamnati, ma'aikata kuwa tun yanzu suke sa hannu a takardun kashe kuɗin jama'a. Tambayar da tarihin ya aza mana ita ce, ta ƙaƙa hukuma za ta tabbatar aikin da kowa ke yabo yana biyan bukatar da aka kafa shi dominta?

Asalin Shirin

An kafa shirin a birnin Los Anjelis na Jihar Kalifoniya cikin 1983. Wanda ya kawo shawarar shi ne Daryl Gates, shugaban 'yan sandan birnin daga 1978 zuwa 1992. Tun kafin nan 'yan sandansa sukan yi shigar burtu su shiga makarantun sakandare kamar ɗalibai, su kama masu sayar da ƙwaya. Amma kamun bai kawar da cinikin ba. Sai Gates ya ga gara a tari yaro tun bai ɗanɗana ba, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya haɗa kai da hukumar ilmi ta birnin, aka rubuta manhaja, aka ware 'yan sanda 10 suka fara koyarwa a makarantun firamare 50.

Ga yadda tsarin yake. Ana ba ɗan sanda horo na awa 80, sa'an nan ya riƙa zuwa aji cikin kayan sarki sau ɗaya a mako, har ya kammala darasi 17. Yaran galibi 'yan shekara 10 zuwa 12 ne. Yana bayyana musu illar taba da giya da wiwi da sauran kayan maye, yana koya musu hanyoyin ƙin tayin aboki, yana kuma ƙoƙarin sa su ga darajar kansu. A ƙarshe sai a yi biki a gaban iyaye, yara su yi alkawarin ba za su sha ba, a ba su takardar shaida da riga mai sunan shirin.

Yaɗuwarsa

Shirin ya zo daidai lokacin da hankalin Amurkawa ya tashi. A tsakiyar shekarun 1980 wani nau'in hodar iblis mai arha, wanda ake busawa, ya bazu cikin unguwannin talakawa na manyan birane. Uwargidan Shugaba Ronald Reagan tana zaga ƙasa tana kiran yara da su ce a'a kawai. Cikin Yuni 1986 wani shahararren saurayi ɗan wasan ƙwallon kwando, Len Bias, ya mutu ta dalilin hodar iblis, kwana biyu bayan wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. A shekarar nan majalisar dokoki ta yi dokar da ta ware kuɗi don yaƙi da ƙwaya a makarantu, shirin D.A.R.E. kuwa ya ci moriyar kuɗin ƙwarai. A 1988 Reagan ya keɓe masa rana guda a ƙasa baki ɗaya. Da ya kai ganiyarsa, ana koyar da shi a kimanin kashi 75 cikin ɗari na yankunan ilmi na Amurka. Ya kuma ƙetare zuwa ƙasashe masu yawa, alal misali Burazil, inda 'yan sanda suka ɗauke shi a 1992 da sunan PROERD.

Ba abin mamaki ba ne ya sami wannan farin jini, don kowa ya sami rabonsa a ciki. Iyaye sun ga ana yin wani abu. Shugabannin makarantu sun sami mai koyarwa ba tare da sun biya albashi ba. 'Yan sanda sun sami hanyar da yara za su san su da fara'a. 'Yan siyasa kuwa sun sami wurin ɗaukar hoto. Abu guda aka bari a baya, watau aunawa a gani ko yaran da suka yi darasin sun fi sauran tsira.

Abin da Bincike Ya Nuna

Hanyar aunawa ba ta da wuyar fahimta. Sai a ɗauki makarantu masu kama da juna, wasu a koyar da shirin, wasu a bar su, sa'an nan a bi yaran shekara da shekaru ana kwatantawa. A 1994 Susan Ennett da abokan aikinta suka tattara bincike 8 irin wannan. Suka tarar lalle yaran sun ƙaru da sanin ƙwayoyi, amma ta wajen shan kansa bambancin ɗan ƙanƙane ne ainun. A 1998 Dennis Rosenbaum, wanda ya bi yaran Jihar Ilinoi shekara 6, ya sami irin wannan sakamako. Hasali ma, a cikin yaran unguwannin bayan birni, waɗanda suka yi darasin sun ɗan fi sauran sha. A 1999 Donald Lynam da abokansa na Jami'ar Kentaki suka koma kan matasa wajen 1,000 bayan shekara 10 da yin darasin, ba su ga wani bambanci ba ko ta wajen taba, ko giya, ko wiwi.

Da fari shugabannin shirin sun yi ta musu, suna kafa hujja da yabon iyaye da malamai. To, amma shaida ta yi yawa. A 2001 rahoton babban jami'in lafiya na gwamnatin Amurka ya sa shirin cikin jerin waɗanda ba sa aiki. A 2003 ofishin da ke bin diddigin kuɗin gwamnati a madadin majalisa ya duba bincike 6 masu dogon zango, ya ce bai ga bambanci mai ƙwari ba. Shekara 20 ke nan cur ana kashe kuɗi da lokacin karatun yara.

Mene ne ya jawo haka? Masana sun kawo dalilai uku. Na farko, sani dabam, hali dabam. Mashayin taba ya san tana cutarwa, bai kuwa fasa ba. Na biyu, galibin darasin lacca ce, babba yana magana yara suna saurare, alhali kuwa bincike ya nuna shirye-shiryen da suka fi tasiri su ne waɗanda yara ke tattaunawa da juna, suna gwada ƙin tayi a aikace. Na uku, idan aka yi ta nanata wa yaro cewa ƙwaya ta cika gari, sai ya zaci tsaransa duk suna sha, shi kaɗai aka bari. In kuma aka zuzuta illar wani abu fiye da kima, ranar da ya ga wani ya sha bai faɗi matacce ba, sai ya daina gaskata sauran maganar duka.

Gyara

A 2009 shugabannin D.A.R.E. suka sauke tsohuwar manhaja, suka ɗauki wata da Michael Hecht da Flavio Marsiglia, malaman jami'a, suka tsara. Darasinta 10, ɗan sanda kuwa yana taƙaita magana ya bar yara su yi aiki rukuni rukuni. Ana koya musu dabaru huɗu: ka ƙi, ka faɗi dalilinka, ka kauce wa wurin da ake sha, in ka tsinci kanka a can ka tashi. Duk da haka mahawara ba ta ƙare ba. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda aka yi a makarantu 30 na birnin Sawo Paulo a Burazil, bai ga alamar sabuwar manhajar ta rage sha ba a hannun 'yan sandan can.

Abin Lura Gare Mu

Wannan magana ta shafe mu. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wata ƙwaya cikin shekarar da ta gabaci binciken. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta sa ziyarar makarantu cikin manyan hanyoyinta na faɗakarwa. Niyyar kyakkyawa ce, rigakafi kuwa ya fi magani. Amma tarihin da muka ji ya nuna cikar ɗakin taro da tafin yara ba sa gaya mana abin da yaro zai yi sa'ad da abokinsa ya miƙo masa kwalba a bayan makaranta.

Saboda haka ina roƙon ma'aikacin da takardar irin wannan shiri za ta zo teburinsa ya yi tambaya uku kafin ya sa hannu. Wane hali ne ake son canzawa? Da waɗanne makarantu za a kwatanta? Wa zai auna, wanda ba shi da rabo a cikin shirin, kuma bayan shekara nawa? Kuɗin aunawa kaɗan ne in aka gwada da kuɗin shirin kansa. Ɗaliban jami'a kuwa, musamman na sashen ilmi da na nazarin zaman jama'a, ga aikin bincike nan yana jiranku a makarantun da ke kusa da ku.