Otal ɗin da jirgin ƙasa ya haifa a bakin Zambezi

Tun kafin David Livingstone ya iso wurin a 1855 ya laƙaba masa sunan Sarauniya Victoria, mutanen yankin suna kiran wannan gangaren ruwa Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Otal ɗin da ke fuskantarsa kuwa, Victoria Falls Hotel, ba don masu yawon buɗe ido aka fara gina shi ba.

Asalinsa burin Cecil Rhodes ne na shimfiɗa layin dogo daga Cape Town har Alƙahira, duka cikin ƙasashen da Ingila ke mulka. Rhodes ya so a ɗora gada a daidai inda feshin ruwan zai riƙa zuba a kan taragai, amma ya mutu a 1902 bai taɓa ganin wurin ba. Da layin ya iso daga Bulawayo a 1904, sai aka kafa wani gini na katako da rufin kwano domin injiniyoyi da manyan ma'aikatan gadar su samu masauki. Aka buɗe gadar a 1905. Layin bai kai Alƙahira ba har yau; masaukin ne ya bunƙasa, aka sāke shi da bulo, da faffaɗar baranda mai kallon gadar.

Daga nan ya zama matattarar masu hannu da shuni na daular Birtaniya. Sarki George na Shida da iyalinsa sun sauka a nan a 1947, cikinsu har da Elizabeth, tana gimbiya. Jiragen sama na kamfanin BOAC masu sauka a kan ruwa suna yada zango a Zambezi a hanyarsu ta zuwa Johannesburg, fasinjoji su kwana a otal ɗin. Shekaru da dama baƙi ba sa taka ƙasa zuwa bakin ruwan: ƙananan kekuna ne a kan siririn dogo, 'yan ƙasa suna tura su da hannu a cikin zafin rana. Ɗan Afirka yana shiga harabar a matsayin kuku ko ɗan dako, ɗakin kwana kuwa ba nasa ba ne.

A watan Agustan 1975, yaƙin neman 'yanci yana ci, aka tsayar da tarago a tsakiyar gadar da ake hangowa daga barandar. Ian Smith da mutanensa suka zauna ta ɓangaren Rhodesia, shugabannin baƙar fata ta ɓangaren Zambiya, iyaka ta ratsa tsakiyar teburin. Kenneth Kaunda da John Vorster na Afirka ta Kudu ne suka haɗa zaman. Ya watse ba a cimma komai ba, aka ci gaba da zubar da jini har Zimbabwe ta samu 'yanci a 1980.

Ginin dai bai fita daga hannun layin dogo ba: hukumomin jiragen ƙasa na Zimbabwe da Zambiya ne suka gāje shi tare, suna ba kamfanoni haya su gudanar.