Gudun Duniya da Neman Halal a Tarihin Ƙasar Hausa

Gudun duniya, wanda malamai ke kira zuhudu, tsohuwar tarbiyya ce a ƙasar Hausa. Tun da Musulunci ya kafu ake tattauna ko lahira ya kamata mutum ya yi wa aiki ko rayuwar yau, a zauren karatu da wajen wa'azi da rumfar kasuwa. Amsar da manyan malaman ƙasar suka bayar ta kasu biyu: masu mulki da malamai aka fi matsa wa su kame daga dukiyar jama'a, shi kuwa talaka aka hore shi da neman halal.

Waɗanda suka kawo addinin ma 'yan kasuwa ne. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), kuma mutane ne da suka haɗa malanta da fatauci. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), sarkin da ya kafa kasuwar Kurmi, Shaihu Magili ya sauka Kano ya rubuta masa nasiha kan mulki. Ya tuna masa ranar hisabi, sannan ya yi masa bayanin yadda ake tsara fada, da hanyoyin da dukiya ke shiga baitulmali, da inda ya halatta a kashe ta. Tun daga lokacin tsoron lahira da gyaran gari suke tafiya tare.

Zuhudu ya fi fitowa fili a rayuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754–1817). Wajajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya raba musu kyauta, ya ware wa Shehu zinariya miskali 500. Shehu bai karɓa ba. A madadinta ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Biyu daga cikin biyar ɗin maganar rayuwar yau ce tsantsa, wato 'yancin ɗaurarru da aljihun manomi. Ya ƙi zinariyar don kansa, ya nemi sauƙin duniya don jama'a. A Kitabul Farƙi ma, abin da ya zargi sarakuna da shi shi ne holewa da dukiyar da aka tatsa daga talakawa ta hanyar jangali da kuɗin gari da gaisuwa.

Bayan hijira zuwa Gudu a 1804 da nasarorin yaƙi da suka biyo baya, jarrabawar ta juyo kan jama'ar Shehu da kansu. Ganima ta yawaita, kwaɗayin sarauta da dawaki da manyan riguna ya shigo. Wannan ya dami ƙaninsa Abdullahi ƙwarai, har a 1807 ya bar rundunar da nufin tafiya Makka, kamar yadda ya bayyana a Tazyinul Waraƙati. Da ya isa Kano mutanen gari suka roƙe shi ya zauna ya karantar da su. Ya yi musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan tafiyar da mulki bisa shari'a, daga baya kuma ya koma gida ya ɗauki nauyin yammacin daular da aka kafa daga Gwandu. Mutumin da ya fito don guje wa fitinar mulki sai ga shi ya zama babban malamin harkar mulkin.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙara fito da ɗaya ɓangaren, wato neman halal. Ya rubuta Tanbihus Sahibi kan hukunce-hukuncen neman abinci, inda ya kwaɗaitar da mutum ya ci guminsa. A Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya hori shugaba ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina, ya gina garuruwa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Shi da kansa ya kafa garuruwan ribaɗi, ciki har da Wurno inda ya rasu a 1837.

Hanyar da wannan tarbiyya ta bi ta shiga gidaje ita ce waƙar wa'azi, da Fulatanci da Hausa, a rubutun ajami. Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin 'yan taru: takan naɗa mace dattijuwa ta zama jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle, ita kuma ta riƙa jagorantar matan ƙauyuka suna zuwa ɗaukar karatu suna komawa da waƙoƙi a ka. Waƙoƙin wa'azi sukan siffanta duniya da tsohuwa wadda ta ci ado tana yaudarar masu nemanta. Sukan bi mutum daga gargarar mutuwa zuwa wanka da likkafani da makara, da tambayar kabari, da mizani da siraɗi, har wuta ko aljanna. Amma in aka duba laifuffukan da sukan jero, za a ga na kasuwa ne da kotu da fada: tauye mudu, algus, rantsuwar ƙarya, cin dukiyar maraya, toshiyar baki, ƙwace gonar mai rauni. Mai waƙar ya san cewa mai sauraronsa zai koma rumfa da safe, don haka mudun hannunsa yake son ya gyara. Wannan salo ya ɗore har ƙarni na 20, musamman a Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon mawaƙin Zariya da ya rasu a 1990, wadda almajirai da makafi suka yaɗa ƙofa-ƙofa.

Malaman zango ma ba su ɗauki talauci abin ado ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya bi hanyar fataken goro zuwa Salaga, ya kuma rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana ta yau a 1934, ya yi Waƙar Talauci da Wadata, inda ya nuna yadda ake wulaƙanta matalauci ko da yana da gaskiya, ake kuma girmama mai abin hannu. A irin wannan tafarki Alhassan Ɗantata (1877–1955) ya tashi, daga karatun allo a Bebeji zuwa cinikin goro, sannan gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ga attajirai irinsa, zakka da Hajji da ciyar da malamai su ne hanyar mayar da riba guzurin lahira.

An taɓa samun masu wuce gona da iri. Muhammadu Marwa Maitatsine ya la'anci rediyo da agogo da keke, kuma rikicinsa na Disambar 1980 a Kano ya ci rayuka fiye da 4,000. Malaman gari, na ɗariƙa da waɗanda ba na ɗariƙa ba, sun yi tir da koyarwarsa. Hujjar da aka fi kafawa a majalisun tafsiri ita ce ayar Suratul Ƙasas da ta umarci mutum ya nemi lahira da abin da aka ba shi ba tare da ya manta rabonsa na duniya ba.

Mafi rinjayen malaman ƙasar Hausa, daga zamanin Magili zuwa yau, sun tsaya a kan cewa lahira ita ce manufa, duniya kuwa wurin aikinta ce. Manomi da ɗan kasuwa ba a nemi su bar gona ko rumfa ba, an nemi su tsare halal. Wanda aka fi wajabta wa gudun duniya shi ne mai riƙe da amanar jama'a.